Babi na Bakwai: Me Ya Cinye Zakunan Tekun Alaska?

Duk sa'ad da aka ce wata dabba ta ragu a mazauninta, tambayar da ke fara zuwa bakin mutane ita ce wa ya kashe ta, domin an saba da cewa inda giwa ta ƙare akwai mai neman haure, inda kuma kada ya ƙare akwai mai neman fata. To, ta yaya dabbar da namijinta kan kai tan guda, wadda doka ta hana farautarta don kasuwa, wadda kuma take haihuwa a kan duwatsun da ba mai zama a cikinsu, za ta ragu da kusan kashi 80 cikin ɗari a shekara ashirin da 'yan kai, ba tare da an tarar da gawarwakinta jibge a bakin gaɓa ba? Abin da ya sami zakin teku na Steller ke nan a ruwayen yammacin Alaska, jihar Amurka mafi kusa da ƙarshen arewacin duniya, daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa 2000, kuma amsar tambayar ta ci kuɗi da shekaru fiye da yadda kowa ya zata.

Wace irin dabba ce?

Zakin teku dabba ce mai shayarwa, wadda ke shaƙar iska da huhu, tana neman abinci a cikin ruwa amma tana haihuwa a kan tudu, ƙafafunta kuwa sun baje sun zama kamar filafilin kwalekwale. An ba shi sunan zaki ne saboda kaurin wuyan namijin mai gashi kamar geza, da kuma rurin da yake yi. Nau'in Steller shi ne mafi girma a cikin danginsa: ƙasaitaccen namiji kan wuce mita uku a tsawo, mace kuwa nauyinta bai cika wuce sulusin nasa ba. Sunan ya samo asali daga Georg Wilhelm Steller, Bajamushen masanin halittu da ya bi ayarin Vitus Bering, wanda Rasha ta tura binciken tekun a 1741, ya kuma rubuta bayanin dabbar bayan jirginsu ya tarwatse a tsibirin da yau ake kira Bering. A wannan tsibiri ne Steller ya siffanta wata ƙatuwar dabba 'yar uwar ayu, wadda mafarauta suka cinye ta ƙurmus kafin ƙarshen 1768, wato shekara 27 kacal bayan Turawa sun san da ita.

Mazaunin zakin tekun ya yi baka ne a gefen arewacin tekun Fasifik, tun daga Hokkaido ta Japan, ya bi ta tsibiran Kuril da Kamcatka na Rasha, ya ratsa jerin tsibiran Alushiyan da Mashigin Alaska, ya gangara har Kalifoniya. Daga ƙarshen watan Mayu zuwa farkon Yuli dabbobin kan taru a wasu keɓaɓɓun duwatsu, waɗanda za a kira dandalin haihuwa a wannan babi, inda kowane babban namiji yake kame yankinsa ya tsare shi makonni ba ci, mace kuma ta haifi ɗa guda mai nauyin kilo 20 ko kusa da haka. Yawancin mata sukan koma haihuwa dandalin da aka haife su ko na kusa da shi, kuma wannan ɗabi'a ce ta ba masana damar ƙirga su daga jirgin sama shekara bayan shekara a wuri guda.

Mutanen Unangan, 'yan asalin tsibiran Alushiyan, sun rayu da wannan dabba dubban shekaru: namanta abinci ne, fatarta ake shimfiɗa wa kwalekwale, hanjinta ake ɗinkewa a yi rigar da ruwa ba ya ratsawa, tumbinta a yi salkar ajiya, gashin bakinta kuma a ƙawata hular farauta da shi. Har yau doka ta bar musu farautar ci da iyali.

Yadda ragin ya bayyana

Ƙidayar da aka yi a ƙarshen shekarun 1950 da farkon 1960 ta nuna akwai tsakanin 240,000 zuwa 300,000 a duniya, mafi yawansu a Mashigin Alaska da tsibiran Alushiyan. Ragin ya fara ne a gabashin tsibiran cikin shekarun 1970, ya bazu gabas da yamma, ya kuma tsananta a rabin ƙarshe na shekarun 1980, lokacin da adadin ke faɗuwa da kusan kashi 15 cikin ɗari kowace shekara. A shekarun 1990 faɗuwar ta lafa zuwa kusan kashi 5 a shekara, amma ba ta tsaya ba, har aka wayi gari a 2000 garken yammacin Alaska bai kai 50,000 ba. Tsibirin Marmot da ke kusa da Kodiyak, wanda a da yake cikin manyan dandalin haihuwa na duniya, ya koma bakin teku mai yalwar fili da 'yan tsirarun dabbobi nan da can.

A 1990 gwamnatin Amurka ta sa dabbar cikin jerin masu fuskantar barazana a ƙarƙashin dokarta ta kare halittun da ke neman ƙarewa. A 1997, bayan binciken ƙwayoyin gado ya nuna cewa garke biyu ne mabambanta, aka ja layi a kan digiri 144 na yamma, daidai Kef Sakilin, aka ɗaga matsayin garken yamma zuwa mai haɗarin ƙarewa. Abin da ya ɗaure wa kowa kai shi ne garken gabas, na kudu maso gabashin Alaska da Kanada zuwa Kalifoniya, ƙaruwa yake yi a daidai wannan lokaci, daga kimanin 18,000 a 1979 zuwa sama da 70,000 a 2010, har aka cire shi daga jerin a 2013. Dabba ɗaya ce, teku ɗaya ne, saboda haka duk bayanin da za a kawo dole ya faɗi dalilin da ya sa ɓarnar ta tsaya a gefe guda na layin.

Lissafin makiyayi

Kafin a shiga neman mai laifi, ya kamata a fahimci inda garke irin wannan yake da rauni, kuma makiyayin shanu ya fi kowa sanin wurin. Saniya ɗa guda take haifa, ba kuma kowace shekara ba, sannan maraƙa sai ta shekara uku ko huɗu kafin ta fara haihuwa; idan maruƙa suka riƙa mutuwa bayan yaye, garken zai ci gaba da cika ido na wasu shekaru saboda manyan suna nan, sai ranar da suka tsufa a waiwaya a ga ba magada. Haka zakin teku yake, domin macen ba ta fara haihuwa sai tana tsakanin shekara uku zuwa shida. A 1994 wata masaniyar lissafi a hukumar kula da kamun kifi ta tarayyar Amurka, Anne York, ta nuna cewa raguwar kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari a yawan matasan da ke tsira kowace shekara ta isa ta haifar da irin faɗuwar da aka gani a yankin Marmot.

Wannan ya warware batun gawarwaki. Matashin da ya bar uwarsa a teku yake yawo, a can yake mutuwa, gawarsa kuma ta nutse ko wani abu ya cinye ta. Tambayar sai ta koma: me ke hana matasan kaiwa shekarun haihuwa?

Bindiga da taru

Hannun ɗan Adam na fili shi ne mafi sauƙin ƙirgawa. Tsakanin 1963 da 1972 an kashe jarirai kimanin 45,000 a dandalin haihuwa na Alaska don fatarsu, kafin dokar kare dabbobin teku masu shayarwa ta 1972 ta tsayar da wannan ciniki. Manyan jiragen jan taru, wato masu jan ƙatuwar koma a bayansu cikin ruwa, sun nutsar da fiye da 20,000 tsakanin 1966 da 1988, domin zakin teku kan bi kifi ya shiga tarun ya kasa fitowa shan iska, abin da ya yi muni a mashigin Shelikof a farkon shekarun 1980. Ga kuma harbi: masunta suna ɗaukar dabbar ɓarauniyar kifi ce mai yaga raga, kuma sai a 1990 aka haramta harbinta ko harba bindiga kusa da ita. Malalar man jirgin Exxon Valdez a 1989, wadda jama'a kan fara ambata, ta zo ne bayan ragin ya yi nisa, kuma ragin bai tsaya a inda man ya kai ba.

Waɗannan kashe-kashe sun yi ɓarna ta gaske, sai dai idan aka haɗa abin da aka rubuta bai kai yawan dabbobin da suka ɓace ba, kuma ragin ya ci gaba shekara goma bayan an toshe yawancin waɗannan ƙofofi.

Ciki cike, jiki a rame

Bayanin da ya fi shahara, ya kuma fi jawo gardama, shi ne na abinci. Masu bincike sun gwada matan da aka kama a Mashigin Alaska a tsakiyar shekarun 1980 da waɗanda aka kama a shekarun 1970, suka tarar na baya sun fi ƙanƙanta a tsawo da kauri, kuma da yawa daga masu shayarwa cikinsu kan zube kafin lokacin haihuwa. Alamun yunwa ke nan, amma a tekun da yake maƙil da kifi.

A lokacin sanyin 1976 zuwa 1977 yanayin arewacin Fasifik ya juya, iska ta sauya, ruwan Mashigin Alaska ya ƙara ɗumi, ya kuma zauna a haka shekaru masu yawa. Tarun gwaji da masana ke ja a wurare guda kowace shekara ya nuna sauyin ƙarara: a farkon shekarun 1970 yana fitowa ne cike da jatan lande da wani ɗan kifi mai maiƙo da ake kira kafelin, bayan 'yan shekaru kuwa sai ya koma fitowa da manyan kifaye masu farin nama, irin su folok da kod. Mai karatu ya san dangin waɗannan kifaye ko da bai san sunayensu ba, domin kod na tekun Atilantika shi ake busarwa a Norwe a kawo Najeriya, folok kuma ɗan gidansu ne. Herin, wanda shi ma zakin teku ke ci, danginsa ne ake sayarwa a daskare da sunan shawa. Wanda ya taɓa gasa shawa ya ga yadda mai ke ɗiga a kan garwashi, ya kuma taɓa farin naman busasshen kod, ya riga ya riƙe zaren wannan bayani, domin dabbar da ke iyo a ruwan da ya kusa daskarewa da kitse take yaƙar sanyi, kuma a maiƙon kifi take samunsa.

David Rosen da Andrew Trites na Jami'ar Biritish Kolombiya sun gwada wannan zato a gidan ajiye dabbobin ruwa na Bankuba, suka buga sakamakon a 2000. Sun ɗauki matasan zakunan teku da suka saba cin herin, suka mayar da su kan folok zalla na makonni biyu zuwa uku, suna ba su iya abin da za su ci, amma duk da haka dabbobin suka riƙa ramewa. Gwaje-gwajen baya sun nuna babba yana iya cike giɓin ta hanyar ƙara yawan abin da yake haɗiya, matashi kuwa, wanda ke bukatar ƙarfi mai yawa don girma alhali tumbinsa ƙarami ne, yakan ƙoshi kafin ya sami abin da jikinsa ke nema, kamar maraƙin da aka tara wa kara aka hana shi harawa. Wani bincike da Richard Merrick ya jagoranta, wanda ya dogara da tsintar kashin dabbobin a kan duwatsu ana tace ƙasusuwan kifin da ke ciki, ya ƙara nuna cewa yankunan da abincinsu ya taƙaita ga nau'i ɗaya ko biyu su ne suka fi saurin raguwa.

A nan ne ilimi ya ci karo da dukiya. Kamun folok a Alaska shi ne mafi girma a Amurka ta fuskar nauyi, ana fitar da sama da tan miliyan ɗaya a shekara daga tekun Bering, kuma ya bunƙasa ne a shekarun da zakin teku ke raguwa. Idan juyin yanayi ne ya cika teku da kifi marar maiƙo, to masu jiragen ba su da laifi. Idan kuwa jiragen ne ke kwashe kifi a kewayen dandalin haihuwa, musamman da sanyi lokacin da folok ke taruwa don zuba ƙwai, har uwa mai shayarwa ta riƙa yin nisa kafin ta ƙoshi, to laifin nasu ne, ko da kifin da ya rage a faɗin teku yana da yawa. Hujjar ramar dabbobin tana karɓar fassarar biyu, kuma kowane ɓangare ya ɗauki wadda ta yi masa daɗi. Sai dai akwai abin da ya rage wa duka biyun ƙarfi: awon da aka yi a shekarun 1990 ya tarar jariran garken yamma ba su gaza na gabas girma da ƙiba ba, wani lokaci ma sun fi su, alhali adadin yana ci gaba da faɗuwa.

Maharbin da ke ƙarƙashin ruwa

A 1992 aka tsinci gawar wata orka a yankin Firins Wiliyam Saund. Orka dabba ce mai shayarwa, baƙa da fari, daga dangin dolfin, mai farauta ƙungiya-ƙungiya, kuma a Fasifik akwai masu cin kifi kawai, akwai masu cin dabbobi masu shayarwa kawai. Da aka buɗe cikinta sai aka sami alamu 14 irin waɗanda masana ke maƙala wa jariran zakin teku a filafili. A 2003 Alan Springer da James Estes da abokan aikinsu suka fito da wani bayani mai faɗi: farautar manyan dabbobin wel da jiragen Japan da Tarayyar Sobiyet suka yi a arewacin Fasifik bayan Yaƙin Duniya na Biyu ta raba orka da babban abincinta, sai ta koma kan ƙananan dabbobi ɗaya bayan ɗaya, har ta iso kan zakin teku. Wani lissafi da Terrie Williams ta jagoranta ya nuna cewa orka ƙasa da 40, idan suka mayar da hankali kan zakin teku, sun isa su haddasa ragin da aka gani a tsibiran Alushiyan. Masana da dama sun ƙi yarda da tsarin labarin, suna cewa ba a tabbatar manyan wel ne babban abincin orka a da ba, kuma a gabashin layin akwai orka masu yawa amma garken yana ƙaruwa.

Shaida mafi kusa da idon gani ta zo daga wata na'ura da Markus Horning ya ƙera, wadda aka fara dasawa a cikin matasan zakunan teku a 2005. Na'urar tana zaune a cikin dabbar tana rubuta zafin jiki har ranar mutuwa, sannan ta fito ta taso saman ruwa ta aika bayaninta ta tauraron ɗan Adam. Gawar da ta mutu da yunwa ko cuta a hankali take hucewa, wadda aka yayyaga kuwa nan take na'urar ke jin sanyin teku, kuma kusan duk mace-macen da aka samu bayaninsu irin na biyun ne. A 'yan kaɗan daga ciki na'urar ta yi sanyi nan take amma ta kwana da kwanaki cikin duhu kafin ta ga haske, abin da ya nuna tana cikin tumbin wata halitta mai sanyin jini, aka kuma fi zargin wani kifin shak mai zama a zurfin ruwa.

Kotu, kuɗi da hukuncin masana

Tun 1990 aka hana jirage kusantar dandalin haihuwa da ƙasa da mil uku na teku, daga baya aka faɗaɗa wuraren da aka hana jan taru. Ƙungiyar Greenpeace da wasu ƙungiyoyi sun ga hakan bai isa ba, suka kai hukumar kamun kifi ƙara a 1998, kuma a 2000 alƙali Thomas Zilly na kotun tarayya da ke Siyatil ya dakatar da jan taru a duk yankin da aka ayyana a matsayin muhimmin mazaunin dabbar. Majalisar dokokin Amurka, bisa matsin Sanata Ted Stevens na Alaska, ta zuba fiye da dala miliyan 100 a bincike cikin 'yan shekaru. Kuɗin sun sayo ilimi mai yawa game da dabbar, amma sun zo bayan an yi ɓarnar, kuma ba na'urar da za ta auna abin da matashin zakin teku ya ci ko abin da ya ci shi a 1986.

Rahoton da Majalisar Bincike ta Ƙasa ta Amurka ta fitar a 2003 ya karkata ga cewa ragin shekarun 1990 ya fi kama da aikin masu kisa, wato mafarautan teku da harbi a ɓoye da tarun masunta, fiye da aikin yunwa, ko da yake bai wanke kamun kifi ba. Idan aka jera hujjojin bisa shekarunsu, fassarar da ta fi tsayuwa da ƙafafunta ita ce abin da ya kayar da garken daban yake da abin da ya danne shi a ƙasa. A shekarun 1980 sauyin abinci ya haɗu da harbi da taru suka yi masa rubdugu, bayan ya ƙanƙance kuma sai cin da orka ta saba yi ya zama babban nauyi, domin kurar da ke ɗauke akuya biyar a shekara ba ta girgiza mai garken ɗari biyu, amma takan durƙusar da mai ashirin.

Inda aka kwana

Daga wajen 2003 garken yamma ya fara farfaɗowa a hankali, da kusan kashi biyu cikin ɗari a shekara, sai dai farfaɗowar ta taƙaita ne ga gabashin mashigin Samalga. Daga nan zuwa Attu, tsibirin ƙarshe na jerin, adadin ya ci gaba da raguwa, kuma a can ne aka sami sinadarin makuri mai yawa a gashi da jinin wasu jarirai, wanda suke samu daga uwa tun suna ciki. Inda aka samu sauƙin ma bai tabbata ba, domin ɗumamar ruwan da ta mamaye arewa maso gabashin Fasifik daga 2014 zuwa 2016 ta rage kod na Mashigin Alaska da fiye da kashi biyu cikin uku, har aka rufe kamunsa a ruwan tarayya a 2020, yawan jariran zakin teku a gabashi da tsakiyar mashigin kuma ya faɗi tsakanin 2015 da 2017. Garken yamma yana nan a jerin masu haɗarin ƙarewa.

A waɗannan tsibirai na Alushiyan akwai wata dabba da ta bi sahun zakin teku a shekarun 1990, wato karen ruwa na teku, wanda ya ragu da kusan kashi 70 cikin ɗari a ƙasa da shekara goma, kuma a nasa lamarin an ga abin da ya biyo baya da ido, domin bushiyar teku da yake ci ta yawaita ta cinye dazuzzukan ciyawar da ke ƙarƙashin ruwa. Babi na gaba zai bi wannan sarƙa tun daga bakin orka har zuwa dutsen da aka bari tsirara a gindin teku.